Ranar da Alhaji Sai-Na-Duba Ya Nemi Izini

Duk wanda ya ce garin Daura ya rasa manyan mutane, to bai taɓa shiga Layin Kanya ba, can bayan gari ta hanyar Zango, inda Allah ya albarkace mu da Alhaji Maliki Badaru. Mutum ne da ko tafiyarsa ka gani ka san akwai hukuma a jikinsa. Ba ya sauri, ba ya waiwaye, ba ya kuma amsa sallama sai ya gama nazarinta. Shekara talatin da biyar ya yi yana akawun rajista a wata ƙaramar hukuma, wato shi ne mai karɓar wasiƙa ya buga mata hatimi ya tura ta ofishin gaba. A bakinsa kuwa, duk titin da aka shimfiɗa da duk rijiyar burtsatsen da aka haƙa a ƙasar Daura ta hannunsa suka bi. Kuma bai yi ƙarya ba. Ta hannunsa takardunsu suka bi, daga tiren hagu zuwa tiren dama.

Da ya yi ritaya sai tausayinmu ya kama shi. Ya duba ya ga sabuwar unguwa, kowa ya sayi filinsa yana gini, babu mai tsawatarwa, babu ko fayil ɗaya. Nan take ya kafa Kwamitin Kula da Tsarin Layin Kanya. Ya zaɓi kansa shugaba ba hamayya, ya naɗa kansa sakatare saboda ƙarancin ƙwararru, sannan ya hau mota har Kano aka sassaƙa masa hatimi mai rubutun AN AMINCE, da zanen alƙalami da tauraro. Mu kuma 'yan zaman dakalinsa muka wayi gari mambobi. Aikinmu gyaɗa kai da cewa haka ne, kuma ba yabon kai ba, mun iya aikin nan.

Kowa ya san al'adarmu. In mutum zai haƙa harsashin gini, yakan aika wa maƙwabta goro da dabino, ya ce ga shi za a fara, a sa albarka. Maƙwabta su ci, su yi addu'a, magana ta ƙare. Alhaji Maliki ne mutum na farko a tarihi da ya gano cewa wannan goron takardar neman izini ce, duhun kai ne ya hana mu ganewa. In an kai masa ba ya ci. Sai ya gyara tabarau, ya juya goron ya duba bayansa, ya ajiye shi a kan fayil, ya ce, "Sai na duba." Daga nan sunan ya bi shi, Alhaji Sai-Na-Duba. A bayan idonsa ke nan. A gabansa Ciyaman muke cewa, har da ɗan rusunawa.

Kuma yana dubawa, kada a ci haƙƙinsa. Damina biyu matar Malam Sadiq tela ta yi tana tuƙa tuwo a tsakar gida riƙe da laima, saboda fayil ɗin ɗakin girkinsu yana matakin nazari. Zakiyyu mai shagon magani sau uku yana sauya wa masai wuri kafin ya dace da ra'ayin kwamiti. Akwai bawan Allahn da aka amince wa akurkin kaji bisa sharaɗin kada ƙofarsa ta kalli titi. A cikinmu akwai malaman makaranta, akwai tsohon ɗan sanda, akwai wanda ya yi digiri, amma shekara goma sha huɗu babu wanda ya taɓa buɗe baki ya ce, Ciyaman, wace doka ce ta ɗora ka? Mun ga hatimi, mun ga fayil, uwa uba mun ga bene.

Benen nan shi ne ran Alhaji. Shi kaɗai ne a duk layin, fari fat, da baranda mai ƙarfen ado. Kullum bayan la'asar yakan hau ya tsaya, hannu a baya, yana abin da ya kira zagayen duba gari. Daga can yana ganin tsakar gidan kowa. Ya san gidan da aka yanka kaza, ya san gidan da aka kwana da ɗumame. Matanmu suka gaji suka mayar da igiyar shanya bayan ɗaki, mu kuma muka ce musu ai kulawa ce irin ta uba.

Ana nan sai aka sayar da kangon da ke jikin gidansa ta dama. Wadda ta saya Hajiya Adawiyya Auta ce, mutuniyar Baure, dillaliyar riɗi da wake. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta sun girma, ita kuma ta gaji da kai-komo tsakanin Baure da kasuwar Daura. Mace ce gajeruwa, mai fara'a, mai ladabi irin na mutanen da. Ranar wata Laraba ta aiko maginin da zai yi mata aiki, Mati, wani dattijo mai furfura a gemu, da goro da dabino gida-gida kamar yadda aka saba. Mu muka karɓi namu muka riƙe a hannu, ba mu ci ba, muna jiran mu ga abin da Ciyaman zai yi da nasa.

Ciyaman ya juya goro ya duba. Ya yi gyaran murya.

"Malam Mati, ka koma ka gaya wa uwar ɗakinka, Layin Kanya ba kasuwar ƙauye ba ce da kowa zai zo ya kafa rumfa. A nan akwai tsari, akwai matakai, akwai ni. Ta rubuto a takarda, ta haɗo da zanen gini kwafi uku, kwamiti zai zauna in lokacin zama ya yi. Wannan goro kuwa a mayar mata. Bai cika ƙa'ida ba."

Mayar da goro ba ƙaramin abu ba ne, ko a neman aure sai magana ta lalace ake yin sa. Jikinmu ya yi sanyi, amma a ƙasan rai muna alfahari da cewa muna da shugaba. Mati ya kwashe goro ya tafi ya iske Hajiya a sitonta tana duba riɗi. Da ya faɗa mata, sai ta ce, "Allah sarki, ko haƙori ne ke damunsa? A ba leburori su ci." Washegari da hantsi tifa ta juye yashi a jikin dakalinmu.

Alhaji bai yi fushi ba, manya ba sa fushi, rubutu suke yi. Ya rubuta takardar jan hankali. Ya rubuta gargaɗi. Ya rubuta gargaɗi na ƙarshe, bayan mako guda kuma gargaɗi na ƙarshe na biyu. Mati yakan karɓi kowace da hannu biyu, ya gode, ya ɗora mata rabin bulo don kada iska ta ɗauke ta, ya koma kan aikinsa. Harsashi ya fito, bango ya tashi, aka fitar da ƙofofin shago biyu ta titi. Ranar da aka sauke rodi da katakon zuba dekin, Alhaji ya kira Mati gefe ya tambaye shi ko wannan duk na mene ne. Mati ya ce ai bene za a yi.

A yammacin nan ne ya yi mana jawabin da har yau ake tunawa da shi. Daga barandarsa ya yi shi, mu muna ƙasa mun ɗaga wuya.

"Jama'ar Layin Kanya, ina kunya ta tafi? Ina sirrin iyali? A ce mutum ya zo tsakiyar Musulmi ya ɗaga gini sama, yana leƙen gidajen mutane, yana ganin abin da aka dafa da abin da aka shanya. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma muddin ina numfashi ba za a yi ba. Malam Sadiq, ga akuyarka can tana cin dawar da iyalinka suka baza."

Malam Sadiq ya yi godiya ya ruga gida. Sauranmu muka ce haka ne.

Ranar Litinin muka yi tawaga zuwa ofishin tsara gari. Alhaji a gaban mota da babbar riga mai aiki har ciki, mu uku a baya mun rungume fayil-fayil. A hanya ya shaida mana cewa yawancin ma'aikatan wurin yaransa ne, shi ya koya musu riƙe biro. Da muka isa babu wanda ya gane shi. Aka nuna mana benci, muka zauna har ƙafa ta yi tsami, sannan aka shigar da mu wurin wani Malam Hafizu, mutum mai sanyin magana, wanda ya saurari ƙorafin Ciyaman daga farko har ƙarshe bai katse shi ba. Da ya gama, Malam Hafizu ya jawo wata babbar taswira ya shimfiɗa a tebur, ya danne gefenta da kofin shayi.

Ya ce tun kafin a sayar da fili ko ɗaya a unguwar aka zana wannan. Kowane layi an rubuta abin da za a iya ginawa a cikinsa. Layin Kanya na gidajen zama ne da ƙananan shaguna, ginin ƙasa ko bene hawa ɗaya. Duk wanda ya kawo zanen da bai wuce haka ba, ya bar tazarar da aka ce tsakaninsa da titi, bai buɗe taga a kan tsakar gidan maƙwabci ba, to a buga masa hatimin yau da kullum ya tafi. Ba a kiran taro, ba a tambayar maƙwabta, ba a jiran kowa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "Hajiya ta kawo zanenta tun watan jiya, kuma ya dace. Ni kaina da nake zaune a kujerar nan ba ni da ikon hana ta. Izini na musamman sai wanda zai wuce abin da aka rubuta, kamar gidan mai, ko masana'anta, ko ƙarin hawa."

Wannan na ƙarshen bai shiga kunnen Alhaji ba, don lokacin ya riga ya miƙe tsaye.

"To ni fa? Ina matsayina a cikin wannan takarda taku?"

Malam Hafizu ya ɗauka tambaya ce ta gaske. Ya sunkuya, ya bi layin da yatsa a hankali, ya tsaya.

"Ga ka nan, Alhaji. Fuloti mai lamba goma sha bakwai."

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Da kunnenmu muka ji cewa shekara goma sha huɗun nan babu abin da ya hana mu gini sai mu kanmu. Malam Sadiq ya kafa wa taga ido, kuma duk mun san ɗakin girki yake tunawa, da laimar, da maganganun da ya sha a wurin matarsa. Kunya ta ishe mu. Sai da muka kusa gida Alhaji ya ce yaran yanzu ba su san aiki ba, zai rubuta wa na sama da su. Muka ji sanyi a ranmu, don in ofis ne ya yi kuskure, to mu ba wawaye ba ne. Mako bai zagayo ba Zakiyyu ya kai goro yana neman izinin faɗaɗa taga.

Alhaji ya cika alkawari. Takardar koke bakwai ya aika, kowace tana neman hukuma ta turo jami'ai su zo su ga ɓarnar da ake yi a Layin Kanya da idonsu. Shiru. Gini kuwa bai san ana yi ba. Aka zuba dekin, aka ɗora bulo, aka buga kwano ruwan toka, aka yi fenti. Hajiya ta tare a sama, ta zuba buhunan riɗi a shago ɗaya, ɗayan ta ba wata mai saƙa. Tagoginta na ɓangaren Alhaji ƙanana ne, can kusa da rufi, ko da tsani ba ka leƙa kowa. Wannan ma ya ɓata masa rai, don ya raba shi da hujja.

Abin da ya hana shi cin abinci daban ne. Ginin zamani ɗakunansa sun fi tsawo, saboda haka da aka gama sai benen Hajiya ya ɗara nasa. Da farko ya ce idonmu ne. Daga baya aka gan shi a lungun da ke tsakanin gidajen biyu da doguwar gora, yana ɗagawa yana sa alama da gawayi. Layin bulo huɗu cif. Baƙo in ya shigo yana neman gida, yanzu sai ka ji an ce masa, ka ga dogon benen can? To ɗan farin da ke kusa da shi. Alhaji ya ji wannan kwatance da kunnensa har sau biyu, ya rame.

Wata safiya a cikin watan biyar ya tara mu ya sanar da cewa, bisa la'akari da bunƙasar unguwa da buƙatar kwamiti ta samun ofishi mai daraja, zai ƙara hawa ɗaya a kan benensa. Komai ya bi ƙa'ida. Ya rubuta takardar nema zuwa ga Ciyaman, ya miƙa wa sakatare, sakatare ya karɓa ya miƙa wa Ciyaman, Ciyaman ya duba ya buga AN AMINCE, duk a zama ɗaya kafin shayi ya huce. Ba a taɓa yin fayil mai sauri irinsa ba, mu ne shaidu.

Mutum biyu ne kawai suka yi magana. Ta farko matarsa, Hajiya Talatu, wadda ta shekara arba'in tana sauraron jawabansa kafin mu ji su. Daga bayan labule ta ce, "Alhaji, damina fa ta ƙarato. Mutanen ƙauye sun gama sharar gona." Ya ce ya duba, ruwa sai watan bakwai. Na biyu Mati ne, wanda aka kira ya yi aikin tunda ya gama na Hajiya Adawiyya.

"Ciyaman, hawa biyu fa a layin nan sai da takarda ta musamman."

"Malam Mati, takardar ce take yi maka magana."

Mati ya kama aiki. Kafintoci suka hau suka kware kwano, suka sauke katako. Aka ɗaure rodi, aka zuba ginshiƙai shida, kawunan ƙarfe suka miƙe sama tsirara. Ɗakunan kwana duka a saman suke, sai aka ja musu tamfol shuɗi aka danne da bulo. Kwana uku Alhaji yana tafiya kamar wanda aka yi wa sarauta, don ƙarafan nan sun wuce kwanon Hajiya da kamu biyu.

A rana ta huɗu koke na bakwai ya samu amsa. Farar mota ta shigo layi, Malam Hafizu ya fito da mutum biyu da tef ɗin awo. Murna kamar ta kashe Alhaji. Ya shiga ya sako babbar riga, ya sa aka fito da kujeru, ya jagoranci tawaga da kansa zuwa wurin ɓarna yana nuni da sanda. Suka auna tazarar Hajiya da titi, daidai. Suka duba tagogi, daidai. Suka ƙirga hawa, ɗaya. Malam Hafizu ya rufe littafinsa ya juyo zai yi sallama, sai ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon sama.

"Alhaji, wancan fa na wane ne?"

Kafin azahar an shafa jan fenti a jikin farin bangon nan, an rubuta A DAKATA da manyan baƙaƙe, daidai saman dakalin da muke zama. A duk Layin Kanya, gida talatin da wani abu, ginin mutum ɗaya ne aka samu ya saɓa tsari. Malam Hafizu ya yi bayani cikin ladabi. Hanya biyu ce. Ko a yanke ƙarafan a mayar da rufi yadda yake, wannan ba ya buƙatar izinin kowa, gobe ma a fara. Ko kuma a cike fom na izini na musamman, injiniya ya duba ƙarfin harsashi, sannan maƙwabta uku da ke jikin gidan su sa hannu cewa ba su da ƙorafi. Na baya, na hagu, da na dama.

Mai hankali zai mayar da rufinsa. Alhaji ya karɓi fom.

Na baya Malam Sadiq ne, na hagu Zakiyyu. Ga dama ta samu, irin wadda ba ta zuwa sau biyu. Mutumin da ya sa matarka girki da laima ya zo gabanka da takarda yana neman hannunka. Da yamma muka taru muka zuba ido mu ga yadda Malam Sadiq zai rama. Ya karɓi biro, ya kai kan takarda, ya ɗago.

"Ciyaman, ka amince in sa?"

Ciyaman ya ce ya amince. Zakiyyu ma ya sa nasa, har yana ba da haƙurin munin rubutu. Saura layi ɗaya.

Layin nan ɗaya ya ci mako uku. Alhaji ya aika wa Hajiya Adawiyya takardar gayyata ta bayyana a gaban kwamiti domin wani muhimmin sa hannu. Ta aiko da cewa ƙafarta na ciwo, amma kullum bayan azahar tana sama, ƙofa a buɗe take. Ya nemi Mati ya kai mata fom ɗin, Mati ya ce shi goro kawai yake kaiwa, shi ma ba kullum yake karɓuwa ba. Ya gwada tura Hajiya Talatu, ta ce ba ita ta kware rufi ba. A cikin haka gabas ta fara haɗa baƙi da yamma tana watsewa. Manoma suna murna, Alhaji yana fitowa yana hararar sama.

Ranar wata Alhamis bayan azahar sama ta daina wasa. Iska ta fara zuwa, ta ɗaga tamfol da bulon da komai, ta kai shi gidan Zakiyyu ta rufe masa awaki. Sannan ruwa ya sauko, irin na farkon damina mai haushi. Silin ya jiƙe ya rufto. Ruwa ya cika ɗakunan sama, ya biyo matakala yana gangarowa falo. Alhaji yana tsakiya da bokiti ɗaya, hula ta tafi, yana ba da umarnin da babu mai ji. Fayil-fayil na shekara goma sha huɗu suka narke suka zama kamar kunu. Mu muna zaurukanmu muna leƙe, kowa a ƙarƙashin rufin da ya sha wuya kafin a amince masa. A gaskiya mun tausaya masa, dattijo ne, kuma abin bai yi kyan gani ba. Amma dariya ma ta zo, muka haɗiye ta da ƙyar.

Da ruwa ya tsagaita sai aka ga mata suna fita daga gidan da akwatuna da kwanuka a ka, suna shiga ƙofar dama. Hajiya Adawiyya ce ta aiko a kwaso kayan maƙwabciyarta kafin su lalace, ta ba ta ɗaki guda a sama. Hajiya Talatu ta bi kayanta. Ba ta rubuta wa kowa ba.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya shanya katifarsa a tsakar gida, ya nemo rigar da ta fi bushewa, ya sa fom a aljihu. Ya tsaya wurin mai tebur ya sayi goro fari manya, aka ƙulle masa a leda. Muka raka shi har ƙofar Hajiya muka tsaya, shi ya hau. Matakala ashirin da biyu ce, kuma a kowace yana maimaita jawabin da ya shirya, mai gabatarwa da tarihin unguwa da matsayin maƙwabtaka a addini.

Ya tarar da su a baranda kan tabarma, Hajiya Adawiyya tana tsince wake a faifai, matarsa a gefe tana shan kunun gyaɗa, ta sake sosai kamar gidan ubanta. Daga inda yake tsaye yana kallon saman gidansa, ƙarafa shida da yagaggen silin. Ya ajiye goro, ya gyara murya.

"Hajiya, kasancewar tun kafuwar wannan layi mai albarka, a matsayina na wanda Allah ya ɗora wa nauyin..."

"Sannu da zuwa, Alhaji, ya muka ji da ruwa? Allah ya kiyaye gaba. Takardar ce? Kawo."

Ta goge hannu a zane, ta ɗora fom a bayan faifai, ta sa hannu ba ta ko karanta ba, ta miƙa masa. Ta kwance leda ta ɓare goro ɗaya ta ba Hajiya Talatu rabi.

"Shi ke nan abin? Wallahi na ɗauka wani babban abu ne. Ai da tun ranar ka leƙo, da ruwa bai taɓa ku ba. Allah ya sa albarka a ginin."

Ya tsaya da takarda a hannu, jawabi cike da baki, babu inda zai sauke shi. Mako uku, da rufi, da fayil-fayil, da mata, duk a kan abin da bai kai tsawon tsince wake ɗaya ba. Ya ce to, ya juya.

Sai dai matakala ashirin da biyu ta ishi babban mutum ya dawo hayyacinsa. Kafin ya iso ƙasa kafaɗa ta miƙe, hannu ya koma baya. Muka taso muka kewaye shi. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Jama'a, na hau na duba ginin nan da kaina, ɗaki-ɗaki. Akwai 'yan gyare-gyare, amma bisa la'akari da halin da mai shi take ciki, da kuma roƙon da ta yi, kwamiti ya amince da shi. Tana iya ci gaba da zama."

Wata biyu ke nan da Hajiya Adawiyya ta tare. Mun san haka, shi ma ya san mun sani. Muka haɗa baki muka ce Allah ya saka da alheri, Ciyaman, Allah ya ƙara adalci. Malam Sadiq har ya fara jan fatiha, sai muryar Hajiya Talatu ta sauko daga baranda, ba da ƙarfi ba, amma duk layi ya ji.

"Alhaji, in ka gama amincewar, katifarka tana waje. Ga hadari can ya taso."

Ciyaman ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya zura da gudu, takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ɗauka ba. Muka dubi juna. Tunda ba a ce mu tsaya ba, mu ma muka rufa masa baya.